Daminar da Na Hura Wuta da Littafin Safiya

Yau kwana huɗu ke nan ruwa bai ɗauke ba a Jos. Da safen nan na shiga kicin ina rawar ɗari, na murɗa kan gas, wuta ta kama nan take, babu hayaƙi, babu hawaye. Na tsaya ina kallonta har ruwan shayi ya tafasa ya zube ban ankara ba. Hankalina ya tafi wata damina ta shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce, lokacin muna zaune a Kuru, wayar hannu ta fara shigowa gari amma ba ta iso gidanmu ba. A daminar nan na yi wa wani littafi ta'adi, kuma har yau in na tuna sai kunya da dariya su zo mini tare.

Mijina Malam Garba direban babbar mota ne a lokacin, yana kai shanu kudu, sai ya yi sati biyu ko uku ba mu gan shi ba. Gona kuwa tawa ce. 'Yar gonar dankalin turawa ce a bayan wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, shingen ƙerana ne kawai ya raba ta da ta maƙwabciyata Ngo Kangyang. Ngo 'yar Birom ce, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna Kabong wajen aiki. Aikin gayya muke yi mu biyu, yau a tata, gobe a tawa. A kan iyakar muka kafa bukka guda ta ciyawa, inda muke fakewa in ruwa ya sauko.

Ranar da aka yi ruwan shuka na biyu, yayana Sale ya zo daga Nasarawa Gwom da 'yarsa Safiya da akwatinta na ƙarfe. Shekararta goma sha shida. Makarantar kwana ce ta koro ta na zango guda. Ta yi dambe da wata shugabar ɗalibai, ta fasa gilashin taga da kwanon abinci, da aka kira ta gaban malamai kuma ta ƙi buɗe baki. Suka ce in an koma a watan Satumba ta zo da babba ya sa hannu cewa ba za ta sake ba. Yaya ya ja ni bayan ɗaki ya ce shi kam ya gaji. In riƙe ta har a tone dankali, in sa mata ido, ranar da ya dawo abu ɗaya zai tambaye ni, ta gyaru ko ba ta gyaru ba. In na ce ba ta gyaru ba, karatu ya ƙare ke nan, zai saya mata keken ɗinki ta zauna gida. Na ce ya bar ta a hannuna, ai ya san ni ba na ɗaukar raini.

Sai na faɗi abin da ya faru kafin nan, don shi ne tushen maganar. Mahaifiyarta Asma'u ta rasu a watan Nuwamban da ya gabata, Safiya tana makaranta, saura sati uku jarrabawa. Muka taru muka yanke shawarar da kusan kowane gida ke yankewa, kada a faɗa mata sai ta gama. Ranar ziyara kuma ta faɗo a tsakani, aka rasa mai zuwa, na ce ni zan je. Na yi dambun nama na cika gwangwanin madara, na je na ce mata mamanta tana gaishe ta, ƙafa ce ke damunta shi ya sa ba ta zo ba, ga dambu ta aiko. Na dawo gida ina jin na yi aikin lada. Sai da yarinya ta zo hutu ta tarar an naɗe katifar uwarta an jingine. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Daga ranar dai mai surutun nan da ake roƙo ta yi shiru ta koma e da a'a, wani lokacin su ma babu. Wasu suka ce sangarta ce, wasu suka ce iska ce, aka yi ta turare da rubutun sha. Ni ina cikin masu cewa sangarta.

Daminar ta zo da ƙarfinta. Wanda bai taɓa fita gona a Kuru da sassafe a watan Mayu ba bai san sanyi ba. Hazo yakan kwanta a kan duwatsu har ba ka ganin wanda ke kunyar gabanka, ciyawa ta jiƙa maka zane har gwiwa, yatsu su sandare a ƙotar fartanya sai ka hura musu iska daga baki. Muka yi kunyoyi, muka binne iri, muka zuba takin shanun da Fulanin rugar gefenmu suke bar mana. Safiya ba ta taɓa ƙin aiki ba, wannan kam ba zan zalunce ta ba. Takan kama fartanya ta yi ta sara kamar ƙasar ce ta yi mata laifi, ta gama kunya biyu kafin in gama ɗaya, amma in ka ce mata sannu sai ta dube ka ta kau da kai. Ni kuma abin da na tsana ke nan a duniya. Na yi faɗa, na yi gori, na ce ko bebe yana ɗaga hannu in an gaishe shi. Ngo takan ce mini da irin Hausarta, yarinyan nan ba mugu ba ne, ciki nashi ne ya cika. Nakan ce to ya fashe mana mu huta.

Dankali ya yi ganye shar, sai ƙanƙara ta sauko wata la'asar ta farfasa rabinsa. Ya sake tohowa, muka yi huɗa, sannan ruwa ya kafa kamar ba zai ɗauke ba. Kwana da kwanaki ba rana. Wanki ba ya bushewa, gishiri ya zama ruwa a kwalba, tabarma ta yi funfuna, ɗakin kwananmu ya fara yoyo har wuri uku. A lokacin ne kuma abinci ya ja baya. Masarar bara ta ƙare, ta bana ko bunni ba ta yi ba, motar Malam ta lalace masa a hanya ya yi wata guda bai dawo ba. Gwate muke sha safe da rana, tsakin masara kaɗan, yakuwa da gauta da yawa, in Ngo ta samo acca ta ɗibar mana. Ranar da Bafulatana ta biyo da nono, ranar salla ce. Ban ce mun kwana da yunwa ba, amma cikinmu yakan yi ƙara a gona har mu ji na juna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wuta. Kananzir ya ɓace daga gari, wanda ya samu ma ɓoyewa yake. Risho ya zama kayan ado. Itace kuwa duk jiƙaƙƙe ne, ka jera shi a gefen murhu ya kwana, da safe ka tarar yana tsatsafo da ruwa. Nakan durƙusa in yi ta hurawa, hayaƙi ya cika mini ido da hanci, ashana ta kusa ƙarewa wuta ba ta kama ba. Na ƙone tsofaffin kwalaye, na ƙone takardar siminti, na ƙone kalandar bara.

Safiya tana da wani littafi da take nannaɗewa a ledar burodi. Bangonsa ya yage tun kafin ya zo hannunta, don haka ko sunansa ban sani ba. Takan tafi da shi gona, in mun fake a bukka ta juya mana baya ta buɗe. Da yamma, saboda yoyon ɗaki, sai ta soke shi a jikin azarar kicin, daidai saman murhu, inda ya fi ko'ina bushewa a gidan. Ni ban yi boko ba, allo na yi, amma na san ba littafin makaranta ba ne. Na ɗauka irin na soyayyar nan ne da 'yan mata ke ɓoyewa, har na ce a raina ga abin da ya lalata ta. Wata safiya da wuta ta ƙi ni, na ɗaga kai na gan shi. Na zaro, na juya can baya don kada ta gane da wuri, na ciri shafi biyu. Busasshiyar takarda ce mai laushi, ashana ɗaya ta kama. Wallahi ban taɓa shan kunu mai daɗin na ranar ba. Gobe na ƙara, jibi na ƙara. Na yi kusan sati biyu ina yi, kuma ina gaya wa kaina ai gyara nake.

Ranar da asiri ya tonu muna gonar Ngo. Ruwa ya kore mu bukka, muka zauna a kan buhuna muna jin sa yana dukan ciyawa. Safiya ta buɗe littafinta, ta ɗan karanta, sai na ga ta auna kaurinsa da yatsu. Ta juya baya. Ta daɗe tana kallon zaren ɗinkin da ya fito fili, sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun zuwanta.

"Gwaggo, ke ce?"

Na ce ni ce, kuma in an jima ma zan ƙara, ai gara littafin banza ya dafa mana kunu da ya dafa mata kai. Sai ga magana ta ɓalle. Yarinyar da ta yi wata bakwai ba ta haɗa kalma biyar ba ta yi ta zuba. Ta ce ba nata ba ne. Malamarsu ta Hausa ce ta bi ta har bakin ƙofar makaranta ranar da aka kore ta, ta ba ta, ta ce ta karanta ta dawo mata da shi a Satumba ta gaya mata yadda ta gan shi. Ta ce duk makarantar mutum ɗaya ke nan da ya yi mata maganar dawowa. Kullum shafi uku take karantawa, ta koma ta maimaita, don kada ya ƙare mata kafin lokacin. Yanzu da wane ido za ta kalli Malama?

Kalmar amana ba ta fito daga bakinta ba, amma ita na ji. Sai dai bakina bai saba da saukowa ba, na fara cewa ai takarda ce. Ngo ta ɗaga mini hannu. Ta ce ita ce babba a bukkar nan, ita za ta yi shari'a. Tunda na cinye ƙarshen littafi, dole in zauna in ji farkonsa, in san abin da na ƙone. Safiya za ta karanta mana duk ranar da ruwa ya tsare mu. Safiya ta ce ba za ta karanta ba. Ngo ta ce ba don ni ba, don ita, ta koyi karatun Hausa a coci tun tana yarinya amma yanzu ido ya tafi, kuma ta gaji da jin ƙarar cikin Hajara. Hajara ni ce. Bakin Safiya ya ɗan motsa, ba dariya ba ce, amma 'yar uwarta ce. Ta koma shafin farko.

Labarin wata yarinya ce, Ladidi, 'yar mai gyaran keke. Yayanta da suka shaƙu ya rasu a haɗarin mota, kafin kwana bakwai aka rabar da kayansa sadaka, har hularsa, ba wanda ya tambaye ta ko tana son wani abu. Kowa ya shigo sai ya ce ta yi haƙuri. Daga nan ta birkice. Ta aske gashinta da reza, ta fara ƙarya ba dalili, ta saci agogon ƙawarta ta jefa a rijiya, ta zagi uwarta a gaban baƙi. A kwanakin farko ni ce mai sharhi. Ina cewa wannan bulala take so, ina uban yake, ni da a hannuna take da ta ga yadda ake yi. Na zauna ina jiran abin da na saba ji a irin labaran nan, ko wani mai mota ya gan ta ya ce yana so, ko a kai ta wajen malami a ce aljani ne, ko ta gamu da bala'in da zai zama darasi ga na baya. Babu ko ɗaya da ya zo.

Abin da ya kama ni ke nan, ban sani ba. Wadda ta rubuta littafin, don na tabbata mace ce ko da ban ga sunan ba, ba ta yi wa Ladidi kwalliya ba. In ta yi laifi za ka ga laifin ƙiri-ƙiri, har ka ji haushinta. Amma sai ta shigar da kai cikin yarinyar ka ji yadda abin yake daga ciki, yadda take tashi da safe da niyyar yau za ta gaida uwarta da kyau, ta zo bakin ƙofa maganar ta maƙale, abin da zai fito ya zama baƙar magana, ta koma ɗaki tana jin ta tsani kanta. Manyan gidan ma ba mugaye ba ne. Uwar tana sonta, uban yana sonta, kowa yana yin abin da ya ga iyayensa sun yi, kuma duk suna ƙara mata ciwo. Ga ƙananan abubuwa da ba mai ƙirƙiro su sai wanda ya sani. Akwai inda Ladidi ta hangi hular yayanta a kan wani mai turin baro a kasuwa, ta bi shi tun daga 'yan hatsi har bakin tasha, ba don ta karɓa ba, don dai ta ci gaba da ganinta tana tafiya. Da Safiya ta karanta wurin, Ngo ta ce a dakata. Ta fita cikin ruwa wai za ta duba kunya. Ni na san rigar mijinta tana nan a ƙasan akwatinta.

Muka koma masu roƙon ruwa. Da an ga hadari ya haɗo ta wajen Bukuru sai Ngo ta ce a yi sauri a gama layin nan, za a shiga makaranta. Mu shige bukka, mu raba gasasshen ƙananan dankalin da muka fara ƙwaƙulowa daga gefen kunya, da gishiri da barkono, Safiya ta goge hannu a zane ta buɗe leda. Ta iya karatu, tana sauya murya, ta yi ta tsohuwa, ta yi ta ɗan kamasho. Muna musu a kan Ladidi kamar 'yar unguwarmu ce. Yunwa tana nan, sanyi yana nan, amma in aka tambaye ni ranakun da na fi jin daɗi a zamana na Kuru, su zan nuna. Da safe kuma na koma hura wuta da baki, ina hawaye ina tari, littafi yana soke a saman kaina ban ko kalle shi ba.

Can wajen tsakiya Ladidi ta gudu daga gida, ta ƙare a tasha tana wanke wa wata tsohuwa mai tuwo kwanuka. Tsohuwar ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Kwana da kwanaki tana zuba mata abinci kawai. Rannan suna tsince shinkafa, ba tare da ta ɗago kai ba, ta tambaye ta wa ya yi mata laifi bai ba ta haƙuri ba. Safiya ta karanta tambayar. Muka jira. Ruwa na zuba, ita kuma ta kafa wa shafin ido ba ta ci gaba ba. Na ce to me Ladidin ta ce? Ba ta dube ni ba.

"Mama ba ta sa citta a dambu, Gwaggo."

Ban gane ba da farko. Ta ce tun lomar farko ta san ba hannun uwarta ba ne. Ta bi ni da ido har na fita ƙofar makaranta tana jira in juyo in faɗa mata gaskiya, ban juyo ba. Sati uku ta yi tana rubuta jarrabawa da wannan a cikinta, ba ta san ko ciwo ne ya yi tsanani ko an riga an binne ba, ba wanda za ta tambaya. Ta rabar wa ƙawayenta dambun tana cewa na mamanta ne, don in ta faɗa da baki wataƙila ya zama gaskiya. Da ta dawo gida kowa ya ce ta yi haƙuri da hukuncin Allah. Ta ce ita ba ta yi fushi da Allah ba.

Ni Hajara, da ake cewa bakina ya fi fartanyata kaifi, abin da ya fara zuwa mini shi ne in ce don ke muka yi. Gaskiya ne kuma, don ita muka yi. Amma na yi sati uku ina jin manyan gidan su Ladidi suna faɗin haka, ina jin yadda yake sauka a kunnen yarinya. A gidanmu babba ba ya ba yaro haƙuri, sai dai ya saya masa wani abu ko ya kira shi cin abinci, a bar maganar a nan. Ban taɓa ji ba, ban taɓa yi ba. Na dubi Ngo ko za ta cece ni, ta duƙar da kai tana ɓare dankali.

"Na yi miki ƙarya, Safiya," na ce. "Na cuce ki. Ki yafe mini."

Kukan da ba ta yi ba a watan Disamba, a bukkar nan ta yi shi, kanta a cinyata, zanena duk taɓo. Ni ma na yi nawa. Ngo ta bar mu sai da muka gaji, sannan ta ce dankali yana hucewa.

Kada ku ɗauka daga ranar ta zama waliyyiya. Ta ci gaba da kumbure-kumburenta jefi-jefi, ni ma ban fasa faɗa ba. Amma yanzu in na yi faɗa tana mayar mini, kuma na gane na fi son haka. Muka ƙarasa abin da ya rage na littafin. Ya tsaya daidai inda Ladidi ta ɗaure kayanta ta tsaya a bakin motar garinsu, ɗan kamasho yana ce mata in za ta shiga ta shiga. Daga nan sai zare. Ngo ta ce ita dai Allah ya isa tsakaninta da kunun Hajara. Muka yi kwana biyu muna gardama, Ngo ta ce ta shiga, ni na ce ta shiga, Safiya ta ce ba ta sani ba, ya danganta da wanda za ta tarar a gida.

A ƙarshen Yuli ciwon nan mai baƙanta ganye ya shigo gonakin Kuru saboda yawan ruwa da hazo. Da muka ga ɗigon farko Ngo ta ce kada mu jira, mu sare ganyen duka mu tone da wuri. Muka yi kwana biyar a duƙe, mu uku, hannu cikin taɓo mai sanyi. Dankalin bai yi girman na bara ba, wani ya ruɓe, amma mun tsira da fiye da rabi. A ranar ƙarshe rana ta fito, irin fitowar da za ka ji ta har cikin ƙashi. Muka baje shi a kan dutse yana shan iska, na soya mana da manja da albasa muka ci har muka kasa tashi.

Yaya Sale ya zo muna ɗinke buhuna. Bayan gaisuwa ya ja ni gefe ya yi tambayarsa, ta gyaru ko ba ta gyaru ba. Na ce ya zauna tukuna. Na ba shi labarin dambu tun daga farko. Ya ce ai don ita aka yi, na ce na sani, ni ma haka na so in ce. Na ce masa ba zan amsa tambayarsa ba, don ba ita kaɗai ke da gyara ba, kuma ranar komawa ni zan kai ta in sa hannu, in ya sayi keken ɗinki sai dai ya koyi ɗinkin da kansa. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Bai ba ta haƙuri ba, Yaya ba zai iya ba, Allah ya jiƙansa. Amma kafin ya tafi ya kira ta ya ce akwai zannuwan mamanta da ya hana a rabar, suna nan a akwati, in ta zo ta zaɓa.

A Satumba na kai ta. Na dangwala yatsa a takardarsu, sannan na ce a nuna mini malamar Hausa. Wata 'yar siririya ce mai tabarau. Na miƙa mata littafin a ledarsa na ce ni na ƙone ƙarshensa, ba yarinya ba, a yi mini hukunci. Ta juya shi, ta dubi Safiya da ke tsaye da akwati a ka, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce littattafanta sun sha dawowa da mai, sun sha dawowa da hawaye, amma wannan ne na farko da ya dafa kunu. Na matsa kusa na rage murya na ce don Allah Ladidi ta shiga motar? Ta ce ba za ta faɗa mini ba. Tana da wani a gida, za ta ba Safiya, in na zo ziyara in ji daga bakinta.

Safiya yanzu ita ma malama ce, 'ya'yanta uku, kuma ta gado ni a baki. Ngo ta daɗe da rasuwa, gonakin namu an yi gidaje a kansu. Na ji ƙarshen labarin, kuma ba zan faɗa muku ba, ni ma sai da na jira wata biyu.

Ranar ziyarar na tashi da wuri na yi dambu, na cika gwangwanin madara irin na wancan karon. Na same ta a ƙarƙashin bishiya tana jirana da sabon littafin a cinya. Na ajiye gwangwanin a gabanta, na buɗe murfin da kaina.

"Wannan ni na yi," na ce. "Ba wanda ya aiko. Da citta a ciki."

Ta ɗiba ta kai baki, ta daɗe tana taunawa.

"Ta yi yawa, Gwaggo," ta ce. Ta sake ɗiba, ta jawo gwangwanin kusa da ita, ta buɗe littafin daga inda na ƙone.